An Ja Mota da Tsoho a Ciki

Ƙarar ta zo ne bayan unguwa ta yi tsit. Ni mutum ne mai tara ƙararraki, yadda wasu ke tara tsofaffin kwalabe. Na san nishin firjin maƙwabciyata mai wanki, na san tarin famfon tsakar gida in ruwa zai dawo, na san yadda ƙofar banɗaki ke gaishe da kowa. Amma wannan ban taɓa jin irinta ba. Wani dogon kuka ne siriri, kamar ana goga jiƙaƙƙen yatsa a gilashi, sai dai yatsan ya kai girman gini, kuma yana tafiya a hankali yana nisa. Can sai wani abu ya ce tas, kukan ya ɗauke. Na ce a raina wani babban tsuntsu ne ya ɓata hanya. Na gyara filo na koma barci.

Da gari ya waye na tarar da jama'a a bakin titi, wajen kwalbati. A tsakiyarsu mai kemis ce zaune a kan siminti, takalminta ƙafa ɗaya, muryarta ta dushe. Kowa ya san ta, don a shagonta muke sayen maganin hawan jini. Kowa kuma ya san mahaifinta, tsohon tela wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya tafiya, maganarsa ma ita kaɗai ke ganewa.

Ga abin da na tsinta a bakin mutane. Jiya da yamma ta ɗauko shi daga asibiti, an yi masa allura, yana barci a kujerar baya. Motar ta mutu a nan daidai kwalbati. Ba ta damu ba, don duk shekara tana biyan kamfanin agajin hanya, ga sitikarsu nan a gilashi. Ta kira, aka ce suna hanya. Ta sake kira, aka ce suna hanya. Haka ta yi ta kira har duhu ya yi, titi ya watse, wayar ta mutu a hannunta, ba caja a motar, ba tocila. Ta ja birkin hannu, ta lulluɓe tsohon, ta kulle ƙofofi, ta ruga gida ta ɗauko kekensa na guragu. Da ta dawo tana tura keken, babu mota, babu uba.

'Yan sanda sun ce a dawo da safe, motar sintirinsu ba mai.

"Bakanike ne," in ji wani. "Shekaran jiya ya taɓa motar."

"Ina! Ku tambayi yayanta. Wa ke ta maganar a sayar da gidan tsohon?"

Ni kuwa sama nake kallo. Rana ta fara hawa, babu ko ɗigon gajimare. Mota a kulle, tsoho ba ya iya buɗe ƙofa, babu ruwa a ciki. Duk inda aka kai motar nan, rana za ta same ta. Na tafi kiran mijin ƙanwata.

*

Mai Sawu ake ce masa. Ya yi rayuwarsa a gandun daji yana bin sawun masu farautar sata, har gwiwa ta ƙi shi. Mutum ne da ba ya kallon fuska sai ya gama kallon ƙafa. Ya zo yana ɗingishi da sandarsa, ya tsaya nesa, ya dubi rairayin gefen titi da rabin unguwa ta tattake. Ya yi tsaki mai tsawo.

"Yaya, wa ya gayyato kasuwa?"

"Taimako suka zo."

"Da ƙafa suka taimaka, na gani. Ku matsa! Ke, ɗauke mini yaron nan. Kai mai babur, in ka ƙara taku ɗaya sai na bi sawunka har ɗakin uwarka."

Aka matsa. Ya zagaya, ya sunkuya, ya sake zagayawa. A gindin kwalbatin, inda siminti ya kare ƙasa daga ƙafafun mutane, ya sami wani ɗan wuri da bai wuce faɗin faranti ba. Ya daɗe a kansa. Sawun taya ne guda biyu manne da juna, ɗaya da tsaga a karkace kamar tabon wuƙa.

Sannan ya hau kwalta. Akwai baƙaƙen layuka biyu da suka tashi daga inda motar ta tsaya, suka miƙe.

"'Yata," ya ce da mai kemis, "kin ja birkin hannu?"

Ta gyaɗa kai.

"To ba tuƙa ta aka yi ba. Ɗaga gabanta aka yi aka ja, tayoyin baya suna turjewa."

Muka bi layukan, jama'a na biye da mu kamar ana rakiyar gawa. A mararraba, bayan ɗakina, layukan suka ƙare ɗif. Mai Sawu ya tsinci wani guntun waya a bakin kwata, ya juya shi a tafin hannu.

"Igiyar birkin ta tsinke a nan. Daga nan tayoyin suka saki."

"Na ji ta," na ce. "Tas ta ce. Na ɗauka tsuntsu ne."

Ya dube ni daga ƙasa zuwa sama. "Ƙanwarka ta sha gaya mini shirmenka, ban yarda ba."

Daga mararrabar hanya ta rabu ko'ina, kuma tun asuba manyan motoci ke niƙa kwaltar. Ya tsuguna, ya shafa, ya sansana ma. Ya miƙe da ƙyar.

"Ƙasa ta yi shiru. Sai mu tambayi mutane, Allah ya kyauta."

*

Mun tarar samari sun riga mu garejin bakanike, har an yaga masa aljihun riga. Yana tsaye da sifana a hannu yana huci.

"Kawu, ka gaya musu su fita mini a gareji! Ni na saci mota? Wannan motar? Ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da haƙuri."

"Da me kake jan mota in ta mutu?" in ji Mai Sawu.

Ya nuna wata tsohuwar a-kori-kura da ke kan bulo, kaji sun yi gida a ƙarƙashinta. "Ga ta nan. In ka tayar da ita ka ɗauka."

Mai Sawu ya leƙa tayoyin da ke jingine a bango, ya girgiza kai.

"Me ka gani a motarta shekaran jiya?"

"Famfon mai ya gaji. Na ce mata a canza, ta ce sai ƙarshen wata. Na ce to ki riƙa yawo da ruwa da tocila da lambata. Ta ce ai tana da kamfani." Ya tofar da yawu. "Kamfani! Sitika ba ta tura mota, Kawu. Ni da nake nan, ana kirana cikin dare in tashi da gajeren wando, ni ne ɓarawo. Masu ofis da sanyi su ne mutanen kirki."

Mai kemis ta rufe fuska da mayafi. Bakanike ya gan ta, ya ajiye sifanar a hankali.

*

Yayanta mun same shi yana tura babur, mai ya ƙare masa. Idonsa jawur, ƙafar wandonsa ta yi kala-kala.

"Ana cewa kana son a sayar da gida," in ji Mai Sawu.

"Ina so mana. Na faɗa a gabansa, na faɗa a bayansa. A sayar a kai shi asibitin kirki. Shi ne zan ɗauke ubana in ɓoye? Baba, ka ji tsoron Allah."

Mai Sawu ya dubi ƙafafun yayan. Ya sa sanda ya taɓa ƙafar wandon: jar ƙasar bayan makaranta, baƙin laka na bakin kwata, tokar juji. Ya juyo wurin jama'a.

"Wanda ya san inda ya ajiye abu ba ya kwana yana shiga kowane lungu. Ku ƙyale shi."

Yayan ya zauna a kan babur ɗin. "Na ma kira kamfanin da tawa wayar. Ka san me suka ce? Wai sun zo ba su ga mota ba. Wai ita ta ba su kwatancen banza, don haka ba ruwansu."

Mai Sawu ya ɗaga kai. "Sun ce sun zo?"

"Haka suka ce."

Inuwar mutane ta fara gajarta. Na lura mai wanki, maƙwabciyata, ta cika jarka da ruwa tana biye da mu, ba wanda ya sa ta.

*

Kamfanin yana bayan gidan mai. Fili ne mai shinge, da ɗan ofis a kusurwa. A tsakiyar filin janwe ne, wato motar jan motoci, fentinsa rawaya, da ƙugiya da sarƙa a baya. Mutum biyu suna shan shayi a inuwarsa: direba, wani mai ƙiba da tsinken sakace a baki, da mai ɗaura sarƙa, dogo, mai furfura a gemu. Mai Sawu ya bi ta bayan janwen kamar mai neman wurin fitsari, ya ɗan tsaya wajen tayoyin baya, ya wuce.

Cikin ofis sanyi ne kamar rijiya. Akwai wata na'urar ruwan sha da ke yin gulum duk bayan ɗan lokaci, kamar raƙumi na haɗiya. Na so in zauna in saurare ta, amma ba ranar ba ce. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe. Karatuna bai yi nisa ba, amma na haɗa: KAFIN KA GAJI DA JIRA MUN ISO. A ƙasa kuma an ce in suka makara, za su mayar wa mutum kuɗin shekararsa.

Manaja mutum ne mai laushin murya, yana ta jajantawa.

"Abin ya taɓa ni ƙwarai, ranki ya daɗe. Amma yaranmu sun je. Mu ba ma aiki da baki, muna da shaida. Duk inda suka je ba su ga mota ba, hoto suke ɗauka."

Ya miƙo waya. Mai Sawu ya riƙe ta nesa da ido, ya kawo ta kusa, ya miƙo mini. "Yaya, buɗa mini shi da yatsunka. Nan. Ƙasa-ƙasa."

Na buɗa. Ya ƙura wa hoton ido har na'urar ruwa ta yi gulum.

"Mu fita waje," ya ce. "Sanyin nan zai kashe mini gwiwa."

*

Filin ya cika. Bakanike na nan da yagaggen aljihunsa, yayan na nan, mai kemis na jingine da mai wanki. Direba da mai sarƙa sun miƙe, kofuna a hannu. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa don sanyi ya riƙa dukan bayansa.

Mai Sawu ya buga tayar janwen ta baya da sanda. Biyu ne manne da juna, ta waje da tsaga a karkace.

"Na ga wannan tabon a gindin kwalbati."

"To ai mun ce mun je," in ji direba, yana juya tsinkensa. "In mun je dole a ga sawunmu. Ko tashi sama za mu yi?"

Wasu suka yi gunaguni, don maganar ta yi ma'ana.

"Gaskiyarka. Sau nawa kuka je?"

"Sau ɗaya. Muka duba, ba mota, muka ɗauki hoto, muka juyo."

"Daga ina kuka ɗauki hoton?"

"Daga cikin mota."

"Na gani. Ga abin share gilashi nan a gefen hoton. Ko sauka ba ku yi ba." Ya ɗaga wayar. "Jama'a, da safe kun tattake mini ƙasa, na zage ku, kuma ban janye ba. Amma waɗannan bayin Allah sun ɗaukar mini ita tun kafin ku taka. Ga rairayin gefen titi a hasken fitilarsu, lafiya lau. Kai, zo ka duba. Me ka gani a gaban motarku?"

Direba bai matso ba. Bakanike ne ya leƙa.

"Sawun taya biyu," ya ce. "Ga tabon nan. Ga shi kuma ya maimaita."

"A gaban fitila," in ji Mai Sawu. "Tayar tana baya, sawunta yana gaba. Na bi zaki, na bi ɓarayi, ban taɓa ganin abin da sawunsa ke riga shi isa wuri ba. Sai in ya taɓa zuwa. Kun zo, kun ja motar, kun kai ta wani wuri, sannan kuka dawo kuka ɗauki hoton inda kuka share."

Ba wanda ya yi motsi. Tsinken ya faɗo daga bakin direba.

Mai kemis ta saki mai wanki, ta taka har gaban mai sarƙa. Da sauran muryar da ta rage mata ta ce, "Baba, kana da furfura. Ina ubana?"

Mutumin ya ajiye kofinsa a kan janwe, ya kasa daidaita shi, kofin ya faɗi.

"Ba mu muka fara ba," ya ce. "Haka muka tarar ana yi. In lokaci ya ƙure, kamfani zai mayar wa mutum kuɗinsa, a cire a albashinmu. In kuwa ba a ga mota ba, ba laifin kowa. To sai a matsar da ita. Washegari a gano ta, a ce ga inda take, a buɗe sabon aiki. Ba sata ba ce. Ko madubi ba ma taɓawa."

"Ni ban san da wannan ba," in ji manaja da sauri.

Bakanike ya yi wata irin dariya da ba daɗi. "Janwe ɗaya gare ku, kun sayar wa rabin gari sitika. Ba ka sani ba!"

"Wallahi ba mu san da mutum a ciki ba," in ji direba. "Gilashin baya baƙi ne, ga duhu. Da mun sani—"

"Ina motar?" Mai Sawu ya daka masa tsawa.

"Bayan tsohon gidan bulo."

*

A janwen muka tafi, wasu a ciki, wasu maƙale da ƙugiya, yayan yana zaune kusa da direba da hannu a ƙeyarsa. Ban taɓa sanin janwe na da irin wannan gudun ba. Daga kwalta muka sauka wata hanya mai farar ƙura, muka zagaya bangon da ya rushe.

Motar tana nan, ita kaɗai a fili, babu ko inuwar kara. Ƙura ta rufe ta fari fat, rana na dukanta tsaye.

Mai Sawu ya miƙa sanda ya tare mutane. "Ita da yayanta kaɗai. Ta wannan gefen. Kowa ya tsaya inda yake."

Yayan ya karɓi makullin a hannunta, ya sa a ƙofa. Da ƙofar ta buɗe, zafin da ya fito har inda nake ya iso, da wari mai nauyi. Tsohon ya zame daga kujera ya maƙale a tsakani, bargon ya naɗe masa ƙafafu, hannunsa mai lafiya yana riƙe da marfin ƙofa. Leɓunansa sun tsattsage. Ta sa kunne a ƙirjinsa.

"Yana numfashi! Ruwa!"

Mai wanki ta riga ta isa da jarka. Aka jiƙa mayafi ana matsa masa a baki, ana shafa masa wuya. Ya buɗe ido kaɗan, ya yi wata magana. Ita kaɗai ta gane, ta fashe da kuka, ba ta gaya wa kowa me ya ce ba. Yayan ya sungume shi kamar jariri. Bakanike ya tare wata mota a bakin kwalta, ya buɗe ƙofa tun ba ta tsaya ba, suka wuce asibiti.

Mutane suka fara sakin numfashi. Direba ya share gumi, yana cewa an gode Allah, an gode Allah, da ƙarfi don a ji.

Mai Sawu bai ce an gode Allah ba. Yana ɗaya gefen motar, inda bai bar kowa ya taka ba, kuma fuskarsa ta zama irin ta wanda ya ɗaga murfin kwata.

"Yaya, zo. Ku ma ku zo, ku tsaya nan."

Muka tsaya a layi. Ya nuna ƙasa da sanda.

"Takalmin aiki, dogon mutum. Ya kwance sarƙa a nan. Zai koma mota, sai ya juya. Ya ji wani abu. Ya zo nan, ƙofar baya. Ga ƙafafunsa a haɗe, yatsu sun nutse, ya sunkuya."

Ya ɗaga sandan zuwa gilashin. A cikin farar ƙurar akwai shatin gefen hannu biyu, da shatin goshi a tsakaninsu, irin na mai kare haske don ya leƙa.

"Sannan ya tafi ya kira ɗan'uwansa. Ga faffaɗan takalmi ya zo. Shi ma ya leƙa." Kusa da na farko, ƙasa kaɗan, akwai wani goshin, da wasu hannayen. "Sun ɗan tsaya nan suna magana, ga inda aka murje sigari. Sannan suka koma janwe." Ya bi sawun da ido har inda ya ƙare. "Ba gudu suka yi ba. Tafiya suka yi."

Ya tofar da yawu nesa da sawun, don kada ya ɓata shi.

Ba a yi ihu ba, ba a kai duka ba. Mutanen da suka yaga aljihun bakanike da safe suna tsaye hannuwa a sake. Direba na kallon bangon da ya rushe. Mai sarƙa na kallon shatin goshinsa a gilashi.

Mai wanki ta ajiye jarkar. Ta goge hannu a zane, ta matsa kusa da shi, ta yi magana a hankali kamar mai tambayar hanya.

"Bawan Allah, da ka leƙa, idonsa biyu?"